Katangar dutse ko dashen itace: wanne ke tare teku?

Ana yawan yi min wannan tambayar, tunda teku ya tashi da kusan santimita 20 daga 1900 zuwa yau.

Katanga irin ta Keta a Ghana tana tare igiyar ruwa nan take, amma kuɗinta sai gwamnati. Tana kuma riƙe yashin da ruwa ke kaiwa gabas, sai teku ya koma cin garuruwan gabashinta. Ka tsira, maƙwabcinka ya shiga uku.

Itatuwan mangirof, masu tsirowa cikin laka da ruwan gishiri a bakin teku, irin na Kasamans a Senegal, ba su da tsada, kifi ma na hayayyafa a saiwoyinsu. Sai dai girmansu na ɗaukar shekaru, kuma ba sa kamawa inda igiya ke dukan yashi da ƙarfi.

Birni mai tashar jiragen ruwa, katanga ce daidai da shi. Ƙauyen masunta a bakin kogi mai laka kuwa, itace ya fi masa.