K31 ko Mauser K98k: wacce za ka ɗauka, kuma a kan nawa?

Malam, ka tambayi wacce za ka saya cikin tsofaffin bindigogin soja biyu, K31 ta Suwizalan da Mauser K98k ta Jamus: ɗauki K31 ɗin. Tunda ka ce kuɗin da aka sa wa biyun bai yi nisa da juna ba, kuma mai Mauser ɗin ya ƙi gaya maka yadda ta shigo hannunsa, ni ban ga abin dogon tunani ba. Na mallaki duka biyun. Ɗaya tana wurina har yau, ɗaya kuwa na rabu da ita da asara.

K31 tawa a wurin wani dattijo na same ta, mutumin da ya shafe shekaru yana tara bindigogin soja na da. Tun kafin in taya ya jawo wani littafi, ya nuna mini nawa ya saye ta, a wace shekara, da abin da yake so a ɗora masa a kai. Cinikin bai kai minti goma ba ya ce ya sallama. Da na koma gida, na kwance sukurori biyu da ke riƙe farantin ƙarfen gindinta, sai ga wata 'yar takarda a ɓoye: sunan sojan da aka ba ta, shekarar haihuwarsa, rundunarsa da garinsu. Na daɗe ina juya takardar nan a hannu. Ba kowace K31 ake samun wannan a cikinta ba, amma ana samu da yawa, domin sojan Suwizalan a gidansa yake ajiye bindigarsa, kuma wannan takardar ce ke nuna ta wane ne. Na mayar da ita inda na same ta na ɗaure sukurorin.

Abin da ya sa farashinta ke da sauƙin ganewa shi ne tarihinta ba shi da ruɗani. Masana'antar makamai ta gwamnati da ke Bern ce ta ƙera ta, daga 1933 zuwa 1958, fiye da guda dubu ɗari biyar. Suwizalan ba ta shiga yaƙin duniya na biyu ba, don haka ba a ƙwace su a fagen fama ba, ba a jibge su a rumbun wata ƙasa an cakuɗa sassansu ba. Yawanci lambar da ke jikinta ita ce a kan bututu, da sakata (ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle bayan bututu), da gidan harsashi mai cin shida. Harsashinta, wanda ake kira GP11, ba ya barin gishirin da ke cin ƙarfe, shi ya sa za ka leƙa cikin bututun bindigar da ta haura shekara saba'in ka gan shi yana walƙiya. Katakon gindinta kuwa kusan kullum a ƙuje yake, kada wannan ya tsorata ka, haka yawancinsu suke. Abubuwan da ke ɗaga kuɗinta ko su sauke shi kaɗan ne: ko lambobin sun dace, ko katakon mai duhu ne na farko-farko ko mai haske na bayan yaƙi, ko takardar sojan na nan, sai lafiyar bututu. Idan akwai harafin P a jikinta, alama ce an bar wa sojan ita bayan ya gama aiki. Aibinta guda da zan faɗa maka: harsashinta na asali ba ya samuwa kamar da.

Mauser K98k bindiga ce mai ƙarfi da tarihi, ban hana ta wannan ba.

Amma ita ce bindigar da ta koya mini illar ɓoye farashi. Jamus ta fara amfani da ita a 1935, an ƙera miliyoyi a masana'antu daban-daban, kowace da alamarta ta sirri: byf na Mauser a Oberndorf, bnz na Steyr, da sauransu. Bayan yaƙi Tarayyar Sobiyet ta kwashi ɗimbin su, ta wargaza, ta sake rina ƙarfen, ta harhaɗa sassan ba tare da kula da wanne ya fito daga wacce ba. Irin waɗannan za ka ga alamar X a jikinsu, lambar sakata an rubuta ta da alƙalamin lantarki, katakon kuma an shafe shi da wani fenti mai ja-ja yana ƙyalli. Ba jabu ba ne, tarihinsu ke nan. Sai dai kuɗinsu bai kama ƙafar wadda ta zo da sassanta na asali ba, tazarar ninki ce ba 'yan canji ba. Ni wadda na saya, an ce mini ta asali ce, lambobinta sun dace. Na biya kusan ninki biyu na abin da na ba dattijon nan. Na tambayi mutum uku da na san suna da irinta nawa suka saya, kowa ya ce ba a tambayar wannan. Sai bayan wata takwas wani da ya san kan abin ya riƙe ta a haske, ya nuna mini inda aka goge tsohuwar lamba a sakata aka buga sabuwa. Wurin ya ɗan lotsa, kuma sifar lambobin ta bambanta da ta jikin bindigar. Da na tashi sayarwa na faɗi gaskiyar abin da take, na yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin uku. Daga baya ɗaya daga cikin mutanen ukun ya gaya mini abin da ya biya a tasa ta asali, kuɗi ne da ya ninka nawa. Da ya faɗa mini tun farko, da na gane cewa ta asali ba ta zuwa a kuɗin da aka sa mini.

Don haka tambayarka ta biyu, ko ya dace ka tambayi mutane nawa suka saya: tambaya, kuma kai ma idan an tambaye ka ka faɗa. Kuɗin da mai kaya ya rubuta a kan bindiga buri ne kawai, wata tana iya shekara a rataye babu wanda ya taya. Farashi na gaskiya shi ne wanda hannu ya miƙa wa hannu. Littattafan ƙimar bindigogi da ake bugawa duk shekara suna da amfani, amma kasuwa tana rigansu tafiya. Sakamakon gwanjo na gidaje irin su Rock Island a Amurka ko Holts a Ingila ya fi kusa da gaskiya, sai dai ka lura ko kuɗin da aka nuna ya haɗa da la'adar da mai saye ke biya a kan kuɗin da aka buga guduma, kuma ka tuna mutum biyu masu zuciya kan iya kai kaya inda bai kai ba. Abin da ya rage wa sabon shiga shi ne bakin waɗanda suka riga shi. Idan suka yi shiru, dillali kaɗai ke da labari, shi kuwa ba ya ba da labarin da zai rage masa riba.

Na san dalilan masu ɓoyewa. Wani kunya yake ji don ya san an yi masa tsada. Wani yana shirin sayarwa, ba ya so a san ribarsa. Dalili guda da nake girmamawa shi ne tsoron ɓarayi, kuma maganinsa ba shi ne ɓoye farashi ba: kada ka nuna inda kake ajiya, kada ka lissafa duk abin da ka mallaka, ka rufe ƙarshen lambar da ke jikin bindigar idan za ka nuna hoto. Kuma faɗin kuɗi tsurarsa ba ya taimakon kowa. A haɗa da shekarar da aka saya, da halin da take ciki, da ko gwanjo ne ko kanti ko hannu da hannu. Kuɗin shekara goma da suka wuce tarihi ne, kada ka je ka yi wa mai kaya gardama da shi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da labari. Duk wanda ya fara da "wani soja ne ya dawo da ita daga yaƙi" ba tare da takarda ba, labarin kyauta ne, kada ka biya ko kwabo a kansa. A kan Mauser an fi yin wannan ha'inci: a ƙara mata tambarin wata runduna da ba ta taɓa gani ba, ko a ɗaura mata madubin hange a ce ta maharban ɓoye ce. Tambarin da aka buga bayan an rina ƙarfe bakinsa yana da kaifi da haske, bai tsufa tare da bindigar ba. Haka ake yi wa bindigar Lee-Enfield ta Ingila, a gajarta samfurin No. 4 a sayar da ita da sunan No. 5, wadda dama gajera ce. Kada ka yi cinikin biri a sama da hoto biyu masu duhu. Wanda kuma ya ce a bar maganar lasisi da takardun da dokar ƙasarku ta tanada, ka tashi ka ba shi wuri komin arahar kayan.

Idan za ka je ganin K31 ɗin, tafi da 'yar tocila. Cire sakata ka leƙa bututu daga baya, ka gwada lambar gidan harsashi da ta jiki, ka nemi izini a kwance farantin gindi a gabanka. Ka sa maƙerin bindiga mai lasisi ya duba ta kafin ka yi tunanin harba ta. Abin da na biya a duka biyun, da shekarun, da hoton rasit, na tura maka. Kai ma idan ciniki ya faɗa ka gaya mana nawa aka sallama maka, da ko ka sami takardar sojan.