Na je Lincoln's Inn ganin an rantsar da 'yar ƙanwata

Shekara talatin ina sa hular gashi da baƙar riga a kotunan Katsina da Kano, amma sai bara na taka gidan da wannan sutura ta fito. 'Yar ƙanwata ce ta gama karatun lauya a Landan, ta ce, "Kawu, ranar rantsarwa kai za ka tsaya min a matsayin uba."

A Ingila ba a zama barista sai ta ɗaya daga cikin ƙungiyoyi huɗu: Lincoln's Inn, Gray's Inn, Inner Temple da Middle Temple. Ita ta zaɓi Lincoln's Inn, ni kuma na ji daɗi, domin a nan aka rantsar da marigayi Mai Shari'a Mohammed Bello a 1956, ɗan Katsina da ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1987 zuwa 1995. A zamaninsu babu makarantar horar da lauyoyi a gida, sai a 1962 aka kafa ta, don haka dole a haye teku.

Na sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Chancery Lane, na yi tafiyar 'yan mintuna. Kana wuce ƙofa hayaniyar motoci ta ɗauke ɗif, sai ciyawa da jan bulo. A ranakun aiki kowa na iya shiga farfajiyar ya zaga, ba sai lauya ba. Kundin tarihinsu ya faro tun 1422, babban zauren kuma Sarauniya Biktoriya ce ta buɗe shi a 1845. Har da hoton Muhammad Ali Jinnah, wanda ya kafa Pakistan, shi ma ɗan gidan ne. Mai ciwon gwiwa irina ya sa takalmi mai laushi, wurin yana da faɗi.

Abin da ya fi tsaya min a rai layin waɗanda aka rantsar. Gidan da ya yi kusan shekara ɗari biyar ba mace ko ɗaya, sai da dokar 1919 ta buɗe ƙofa, har Mithan Tata 'yar Indiya ta zama barista a nan a 1923. Ranar da na je, mata sun cika layin, wasu da ɗankwali, an kira sunayen Malesiya da Bangladash da namu ɗaya bayan ɗaya. Da aka kira nata na manta ni dattijo ne, hannuna ya riga bakina.

Na tambaye ta me ƙungiyar ta tsinana mata ban da biki. Ta lissafa ɗakin karatu, da zaman horo guda goma da dole ɗalibi ya halarta kafin a rantsar da shi, inda ake zama teburi ɗaya da alƙalai da manyan lauyoyi. Ta ce a can ta koyi yi wa alƙali magana ba tare da murya ta yi rawa ba. Akwai kuma tallafin kuɗin karatu, sai dai ƙungiya ɗaya tak ake nema a cikin huɗun, kuma a watan Nuwamba ake rufe karɓar takardu, don haka mai niyya ya shirya da wuri.

Rantsarwar ba ta ba ka damar tsayawa gaban alƙali kai tsaye. Sai ka samu gurbin koyon aiki a hannun gogaggen barista, guraben kuwa ba su kai masu nema ba, ga hayar ɗaki a Landan da ke cin aljihu. Wannan ba a hannun ƙungiyar yake ba. Yarinyata tana ta tura takardun neman gurbi, idan bai samu ba ta ce za ta dawo Bwari ta yi makarantar lauyoyi ta gida.