Makarantar koyon gashin ƙashi: duba hannun malamanta kafin ka duba gininta

Duk lokacin da aka buɗe neman gurbin karatu, sai in ga matasa da iyayensu suna jera makarantun koyon gashin ƙashi, wato fisiyo, suna auna su da girman gini da yawan na'urori da kyawun hotunan da aka sa a shafin intanet. Ba na ganin laifinsu, abin da ido ya kai gare shi ke nan. Amma ni da na yi karatun, na kuma daɗe ina aikin, tambayata ɗaya ce idan aka kawo mini sunan makaranta: su waye za su koyar da yaron nan, kuma yaushe rabonsu da ɗora hannu a jikin majinyaci?

Malaman wannan fanni iri uku ne. Akwai wanda ya taso a asibiti kuma har yanzu yana duba marasa lafiya. Akwai mai bincike, wanda rayuwarsa ke tsakanin ɗakin gwaji da rubuta muƙala. Akwai kuma wanda ƙwarewarsa ita ce koyarwar kanta, da tsara manhaja da jarrabawa. Kowace makaranta tana da haɗin ukun, sai dai za ka tarar iri ɗaya ya rinjaya, kuma shi ne ke ba ɗaliban da take yayewa kamanninsu. Ba zan ɓoye ba, ni makarantar da malaman asibiti suka rinjaya nake zaɓa, kuma ina da dalili.

Ina shekara ta uku aka fara tura mu asibiti. Aka ba ni wani dattijo da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, aka ce in taimaka masa ya tashi daga gado zuwa kujera. A aji an koya mana darasin shanyewar ɓarin jiki kaf, na haddace sunan kowace jijiya da hanyar da take bi daga ƙwaƙwalwa zuwa laka, na kuma ci jarrabawar da maki mai kyau. Na zo na kama hannun da ya mutu ɗin a wuyan hannu, na fara ja. Sai na ji murya daga bayana: "Kai ɗan nan, saki hannun nan!" Wata malama ce da ke kula da horonmu a asibitin. Ta matso ta ce da dattijon, "Sannu Baba, yi haƙuri, yanzu za mu gyara." Sannan ta kama ɗan yatsana ta ɗora a saman kafaɗarsa, daidai ƙarƙashin ƙashin da ke rufe mahaɗar. Na ji wani rami da yatsa ɗaya ke shiga. Ta ce, "Ka ji? Tsoka ce ke riƙe da kafaɗa. Idan ta shanye, nauyin hannun kaɗai yana janyo kan ƙashin ƙasa. Kai kuma ka zo kana ƙara masa ja." Ta matso da kujerar ta ɓangaren da ke da lafiya, ta tokare gwiwarsa mai rauni da nata gwiwoyin, ta sa hannu a bayan allon kafaɗarsa da ƙugunsa, ta ce ya sunkuyo gaba. A hankali ya miƙe, ya juya, ya zauna, ko yamutsa fuska bai yi ba.

Daga baya na gane cewa malamin da ya koya mana darasin a aji ya fi shekara goma bai shiga ɗakin majinyata ba. Mutumin kirki ne, mai ilimi, amma ba abin da zai tuna masa ya ce mana kada mu ja hannun, tunda ya daɗe bai ga kafaɗar da aka ja ba. Har yau idan na tuna da dattijon nan sai gabana ya faɗi, domin da ta makara da minti ɗaya da na bar masa ciwon kafaɗa na watanni a kan larurar da yake fama da ita.

Abin da malamin asibiti yake ba ɗalibi ba ya shiga allon majigi. Shi ne zai koya maka ka riƙa kallon fuskar majinyaci lokacin da kake lanƙwasa masa gwiwa, maimakon ka zuba wa gwiwar ido. Shi ne zai tsayar da kai ya ce, mai ciwon bayan nan da ya ce fitsari ya riƙe masa kuma ba ya jin taɓi a matsematsinsa, ba gashi yake buƙata ba, a garzaya da shi wurin likitan tiyata yanzu, domin jijiyoyin ƙarshen laka ne suka matsu. Shi ne zai nuna maka sha-raɓar da ta kumbura ta yi zafi bayan tiyata, ya ce kada ka kuskura ka murza ta, wataƙila gudan jini ne ya daskare, in ya ɓalle sai huhu. Waɗannan duk suna cikin littafi, amma wanda ya taɓa ganinsu da ido daban yake faɗarsu, kuma ɗalibi daban yake riƙe su.

Ai ita sana'ar ma a bakin gadon majinyaci aka haife ta. Mary McMillan, wadda ta zama shugabar farko ta ƙungiyar masu gashin ƙashi ta Amurka a 1921, da sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi suna. Berta Bobath a Landan da hannunta ta fara lura da yadda ƙagewar tsoka ke sassautawa idan aka riƙe majinyaci ta wata siga, sannan mijinta Karel, wanda likita ne, ya nemo bayanin abin a kimiyyance. Shi ya sa ƙasashen da suka tsara karatun sosai ba sa wasa da horon asibiti. A Birtaniya ana neman ɗalibi ya yi awa 1,000 yana aiki da majinyata kafin ya kammala. A Amurka hukumar CAPTE mai tantance makarantun ta sa aƙalla mako 30 na cikakken horo a asibiti, ta kuma ce malamin da ke jagorantar wannan horo sai ya yi aƙalla shekara uku yana aiki bayan samun lasisi. Mai kula da ɗalibi kai tsaye a asibiti kuwa shekara ɗaya ta nema masa, wanda a ganina ya yi kaɗan ƙwarai. Mai shekara ɗaya bai gama warkewa daga nasa kurakuran ba.

Sai dai a yi hattara, ba kowane tsohon hannu ne abin nema ba. Akwai wanda ya yi shekara ashirin a asibiti yana maimaita abin da ya koya a shekarar farko. A 2016 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta fitar da ƙa'idar kula da ciwon baya, ta ce a daina jan ƙashin baya da na'ura, a daina gashi da altirasawun, da na'urar TENS mai ɗan jan lantarki, da ɗaura ɗamarar baya, saboda hujjar amfaninsu ba ta tsaya ba. Motsa jiki ta sa a gaba. Ita kanta hanyar Bobath, binciken da aka tattara daga baya bai nuna ta fi sauran hanyoyin farfaɗo da mai shanyewar ɓarin jiki ba. Malamin da nake yabo shi ne wanda ya san da wannan kuma bai yi fushi ba. Tun 1999 akwai rumbun bayanai na intanet mai suna PEDro da aka kafa a Sidni ta Ostireliya, kyauta ne, yana auna ingancin gwaje-gwajen fisiyo da maki daga 0 zuwa 10. Idan ka samu zama da malami, yi masa wannan tambaya: "Malam, wane abu ne kake yi wa majinyata a da, yanzu ka daina?" Wanda ke karatu zai ba ka amsa nan take, har da dalili. Wanda ya ce babu, to ka san inda ya tsaya.

Makarantar da masu bincike suka cika ta tana da kyau ga wanda tun farko ya ƙudurta zama mai bincike, kuma CAPTE ma tana neman rabin manyan malaman sashe su riƙe digirin digirgir. Ga mai son ya fita ya yi jinya kuwa, yawan muƙalar malami ba ta ɗaga majinyaci daga gado. Su kuma gwanayen tsara manhaja, mutum ɗaya ko biyu a sashe sun wadatar.

Inda nake so a buɗe ido sosai shi ne wajen takardu, domin nan ne ake cin amanar mutane. Fara da kalmar "Dakta". Tun 2016 duk makarantar fisiyo da aka tantance a Amurka digirin DPT take bayarwa, kuma digiri ne na shiga aiki, ba na bincike ba. Mai DPT daban, mai PhD daban, kowanne da mutuncinsa. Amma makarantar da ta jera malamanta duk "Dakta" ba tare da ta faɗi wane digiri ba ne, daga wace jami'a, a wace shekara, akwai abin da take rufewa. Kada ka ɗauka sayen digiri labarin ƙanzon kurege ne. A 2015 jaridar New York Times ta fallasa kamfanin Axact na birnin Karachi a Pakistan, wanda ya buɗe ɗaruruwan shafukan jami'o'in da babu su a doron ƙasa, yana sayar da digiri ga duk mai biya. Ka ɗauki sunan jami'ar da malami ya ce ya yi, ka nemo ta a jerin hukumar ilimi ta ƙasar da aka ce tana can.

Sai muƙalu. Za ka ga an rubuta cewa malami ya wallafa muƙala sittin, ka ji ya cika maka ido. Akwai mujallun bogi da ke buga komai idan an biya su, ba mai dubawa. Wani ma'aikacin laburare a Jami'ar Kolorado, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tara sunayensu kafin ya rufe jerin a farkon 2017. A 2013 kuma ɗan jarida John Bohannon ya ƙirƙiri muƙalar ƙarya a kan maganin kansa, cike da kurakurai da gangan, ya aika wa mujallu 304, guda 157 suka amince za su buga. Saboda haka ka rubuta sunan malamin a PubMed, rumbun muƙalun fannin lafiya da ke intanet, ka gani. Wanda ke da muƙala biyar a can ya fi mai sittin da ba a san inda aka buga su ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne satifiket na ƙarshen mako. Ni kaina na taɓa faɗawa. Bayan na fara aiki na biya kuɗin wani kwas na kwana biyu a kan gyaran ƙashin wuya, aka ce mai koyarwar ƙwararre ne na duniya, sunansa na jan haruffa bakwai a baya. Mu fiye da sittin a ɗaki ɗaya, gado biyu. Ba a tambayi kowa lasisinsa ba. Ba a ce uffan ba a kan tantance jijiyoyin jinin wuya kafin a murɗa shi, alhali wannan ne abin da ke iya jawo wa mutum shanyewar jiki. Ranar ƙarshe aka raba mana takarda mai zanen zinare. Na nemi ƙungiyar da ta sa hannu a kai, na tarar shi ne ya kafa ta, shi ne shugabanta. Irin waɗannan haruffa ne ake cika shafin makaranta da su. Ƙwarewa ta gaskiya tana da hukumar da ke bayan ta, da jarrabawa, da dubban awannin aiki a fannin, kuma ana iya faɗuwa.

Akwai kuma aron suna. Wata makaranta za ta sa hoton babban farfesa a jerin malamanta, alhali sau ɗaya yake leƙowa a zango, ko ma ranar da masu tantancewa za su zo kawai. Ana aron gadaje da ƙarafan koyon tafiya a yi ado da su ranar, washegari a mayar. Ana rubuta "muna da alaƙa da babban asibiti" ba tare da wata yarjejeniya a rubuce ba, sai lokacin horo ya yi a ce kowane ɗalibi ya je ya nemo wa kansa wuri. Mafi muni ita ce makarantar da hukumar ba da lasisi ba ta amince da kwas ɗinta ba. Na san wata yarinya da ta yi shekarunta cur ta kammala, ta je yin rajista aka ce ba a san da makarantarta ba. Amincewar ma'aikatar ilimi daban, ta hukumar sana'a daban, sai ka ga duka biyun da idonka a shafin hukumomin, kada ka yarda da hoton takarda da aka manna a bango. Ƙungiyar masu gashin ƙashi ta duniya, World Physiotherapy, wadda aka kafa a 1951, ita ma tana tantance wasu makarantu, amma tambarinta ba ya maye gurbin lasisin ƙasar da za ka yi aiki.

Hukumomin lasisi da yawa, irin su HCPC ta Birtaniya, suna da rajistar da kowa zai iya dubawa a intanet. Ka ɗauki sunayen malamai biyar na sashen ka duba ko lasisinsu na raye. Sannan ka nemi ɗaliban shekarar ƙarshe, ba waɗanda makaranta ta zaɓo maka ba, ka tambaye su ɗalibai nawa ke zagaye gado ɗaya a darasin aiki da hannu, kuma wane malami ne ya taɓa kama hannunsu ya gyara musu riƙo. Daga nan ka je asibitin da aka ce a can ake horo, da safe a ranar aiki, ba tare da ka sanar ba. Ka shiga sashen gashi ka ambaci sunan malaman nan ga ma'aikatan da ke wurin, ka ji ko sun san ranar da kowannensu yake zuwa duba majinyata.