Doka ko ƙa'idar aiki: wace ce ke sa gwamnati ta yi rubutu a sauƙaƙe?

Amurka ta bi hanyar doka. A 2010 Shugaba Obama ya sa hannu kan dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya yin rubutu cikin sauƙaƙan kalmomi a takardun neman tallafi, biyan haraji da bayanin ayyukansu. Kowace hukuma sai ta naɗa babban jami'in da zai sa ido, ta horar da ma'aikata, ta fitar da rahoto duk shekara. Sai dai dokar ba ta ba ɗan ƙasa damar kai ƙara ba idan aka aiko masa da wasiƙa mai sarƙaƙiya, wannan kuwa giɓi ne da ke damuna ƙwarai. Tsohuwar da ta rasa haƙƙinta saboda ba ta gane fom ba, wa za ta kai wa kuka?

Birtaniya kuwa ta dogara da ƙa'idar aiki. Tun da aka buɗe shafin GOV.UK, wato babban shafin intanet na gwamnatin ƙasar, a 2012, masu rubuta bayanansa suna bin salo guda: gajerun jimloli da kalmomin yau da kullum. Gyara ta nan ya fi sauri, amma sabuwar gwamnati na iya watsar da ƙa'idar ba tare da ta je majalisa ba.

Ni dai na fi karkata ga doka, muddin za a ƙara mata hanyar kai ƙorafi.