Wasiƙa daga Birmingham: Hamma, dakata da sayen bindigar nan

Hamma, assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya su Dada da yara da duk mutanen gida a Jekadafari? Saƙonka ya same ni ina bakin aiki, sai da na saurare shi sau uku kafin mu tashi. Ka ce ɓarayi sun sake shiga gonar nan ta hanyar Dukku sun kore raguna, kuma wani ya yi maka tayin bindiga fom-akshin, babu takarda, harsashi ma shi zai riƙa kawo maka. Sannan ka tambaye ni, wai ba a ƙasar Turawa kowa ke shiga kanti ya sayi bindiga kamar mai sayen burodi ba? Wannan magana ta fi ƙarfin saƙon minti biyu, shi ya sa na zauna na rubuta, na kuma ajiye ta inda sauran 'yan uwa za su gani, don na san ba kai kaɗai ake kai wa irin wannan tayin ba.

Abin da kake gani a waya, yawanci Amurka ce. Ingila daban take. Shekarata shida a garin nan, ban taɓa ganin farar hula riƙe da bindiga a titi ba. Ɗan sandan da ke zagaya unguwarmu ma ba ya ɗauke da ita, sai ka je filin jirgin sama ko wata babbar tasha kake ganin masu bindiga. Amma akwai bindigogi a gidajen mutane, na manoma da mafarauta da masu wasan harbi, kuma na shiga ɗaya daga cikin gidajen nan na gani da idona.

Wani dattijon Bature ne da muke aiki tare a sito. Duk ƙarshen mako yana zuwa bayan gari, inda inji ke cilla faifan yumɓu sama su kuma su harbe shi. Da na ba shi labarin Baffa da farautarsa, sai ya ce in zo gidansa in sha shayi. Ya kai ni wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakalar bene, ya nuna mini akwatin ƙarfe dogo, an ɗaure shi da manyan kusoshi a jikin bango yadda ko ƙarti biyu ba za su ciccibe shi ba. Kafin ya buɗe sai ya ce in juya baya, ya je ya ɗauko makulli. Ya ce ko matarsa, da suka shekara talatin da wani abu tare, ba ta san inda makullin yake ba, domin ita ba ta da lasisi, kuma idan 'yan sanda suka gano ta sani, shi za a ƙwace wa takarda. Ya fito da bindiga mai baki biyu, kafin ya miƙo mini ya karya ta, ya leƙa bututun duka biyu, ya nuna mini babu komai a ciki. Na tambaye shi ina harsashin, ya ce suna wani ɗaki, a wani akwatin, da wani makullin.

Ga yadda ya samu takardar. 'Yan sandan yankinsa ne ke bayarwa, kuma shekara biyar take yi a sake nema. A Fabrairun 2025 kuɗin sabon lasisin bindigar farauta ya koma fam 194. A lokacin sai da ya kawo wanda zai tsaya masa, wanda ya san shi aƙalla shekara biyu kuma ba ɗan gidansu ba. Sai takarda daga likitansa, wadda za ta nuna ko yana da taɓin hankali ko shaye-shaye. Wannan sharaɗin an tsaurara shi ne a 2021, bayan wani saurayi mai lasisi ya kashe mutum biyar a garin Plymouth. Bayan duk wannan, jami'i ya zo har gida, ya zauna ya yi hira da shi, ya tashi ya je ya girgiza akwatin da hannunsa. Wanda aka taɓa yanke wa ɗaurin shekara uku ko fiye, shi da bindiga har abada. Irin wadda aka yi maka tayi kuwa, idan cikinta na ɗaukar harsashi fiye da biyu, takardar farauta ba ta isa ba, sai babban lasisi, kuma sai ka kawo ƙwaƙƙwaran dalili. Abin da zai ba ka mamaki, idan ka rubuta cewa don tsaron kai kake so, ka rufe wa kanka ƙofa. A nan ba a karɓar wannan a matsayin dalili.

Wata Asabar na raka shi kantin bindiga. Kanti ne tsaf kamar na mai sayar da agogo, bindigogin na jere a bango an zura musu waya an kulle. Ya ce a ba shi harsashi kwali goma, kowane kwali guda 25. Mai kantin ya san shi shekara da shekaru, suna ta raha, amma bai ɗora kwali ko ɗaya a kan kanta ba sai da ya ga takardar. A nan na lura wasu harsasan rawaya ne, sirara, an ware su gefe guda. Na tambaya, mai kantin ya ɗauko ɗaya ya nuna mini. Ya ce wannan lamba 20 ne, wancan mai kaurin lamba 12. Idan mutum ya haɗa su a aljihu ɗaya ya yi kuskuren jefa siririn a bindigar lamba 12, zai zurma ciki ya maƙale a bututu, idan ka leƙa sai ka zaci babu komai. Ka ɗora lamba 12 a bayansa ka ja kunama, bututun ya fashe a hannunka. Shi ya sa ake yin lamba 20 da launin rawaya, don ido ya kama kafin hannu ya yi ɓarna.

Yana wannan bayanin, wallahi Hamma, hannun Baffa kawai nake gani. Kai ka fi ni tunawa, ka girme ni da shekara bakwai. Ranar da bindigarsa ta toka ta fashe a bayan gida, ya ɗura mata albarushi ya manta ya sake ɗurawa, ina tsaye kusa da rumbu. Ƙarar ta toshe mini kunne, hayaƙi ya tashi, na ga ƙotar a ƙasa, bututun ya tsage kamar an fasa kara. Goggo ta yage gefen zanenta ta naɗe masa hannu, yatsu biyu ba su dawo ba. Maƙerin da ya ƙera ta mutumin kirki ne, da bututun ruwa ya yi ta kamar yadda kowa ke yi, kuma babu wanda ya taɓa gwada ƙarfinta kafin a miƙa wa Baffa.

A Birmingham akwai gidan da aikinsa ke nan, gwajin bututun bindiga. Tun 1813 aka kafa shi da dokar majalisa, kuma har gobe yana aiki. Ana ɗura wa bindiga harsashin da ya fi na kullum ƙarfi, a harba ta a rufaffen ɗaki. Idan ta jure a buga mata hatimi a jikin ƙarfe, idan ta fashe ta fashe a can babu hannun kowa a kai. Sayar da bindigar da ba ta da wannan hatimin laifi ne. Na je na tsaya a ƙofarsa wata rana, tsohon gini na jan bulo a gefen layin dogo, kuma raina bai yi daɗi ba. Garin nan ne ya riƙa ƙera bindigogi masu arha yana aikawa gaɓar tekun Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi, ana musanya su da mutane. Irin ƙirar da maƙeranmu ke kwaikwayo har yau, daga irin waɗancan ta samo asali.

Kada ka ɗauka daga sama suka samu wannan tsari. A 1996 wani mutum mai lasisi ya shiga makarantar firamare a Dunblane ta Sikotland da ƙananan bindigogi, ya kashe yara 16 da malamarsu. Shekara na zagayowa aka haramta wa farar hula fistol kusan gaba ɗaya, mutane suka miƙa nasu aka biya su diyya.

To, amma titi fa? Nan ne zan faɗa maka gaskiya, don kada ka ce ina yabon ƙasar mutane. Lasisi bai hana harbi a Birmingham ba. A farkon Janairun 2003, a unguwar Aston, tafiyar minti kaɗan daga inda nake haya, 'yan daba suka buɗe wuta daga cikin mota a wajen bikin sabuwar shekara, suka kashe 'yan mata biyu, ɗaya shekararta 17 ɗaya 18, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Bayan nan ne aka sa dokar cewa baligin da aka kama da haramtacciyar bindiga, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara biyar, ko bai harbi kowa ba. Su waɗannan 'yan daban ba kanti suke zuwa ba. Akwai wasu bindigogi da ake yi don ƙara kawai, ba sa fitar da harsashi, a da ana sayar da su babu lasisi. Sai masu laifi su huda bututun su mayar da ita ta gaske. Wasu ƙirar Turkiyya sun yi yawa a hannun 'yan daba har aka haramta su, aka ba mutane watan Fabrairun 2025 su kai ofishin 'yan sanda babu hukunci. Bindiga ɗaya sai ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, a ɓoye ta a gidan budurwa ko a jakar ƙaramin yaro. Kuma saboda samunta na da wuya, yawancin yaran wuƙa suke ɗauka. Idan na ji labarin an soki yaro a tashar bas, 'yan Kalaren Gombe nake tunawa da addunansu da gorori, da masu ƙwacen waya a Bolari da Pantami da daddare. Ɗabi'ar ɗaya ce, Hamma. Sai dai mai wuƙa sai ya matso jikinka, ana iya guje masa, ana iya taruwa a kansa. Duk ranar da bindiga ta yi arha a hannun yaran nan namu, ban san yadda za a riƙa fita sallar asuba ba.

Ka tambayi kanka daga ina mai tayin nan ya samo tasa. A Janairun 2017 kwastan sun kama fom-akshin 661 a Legas. A 2024 sun kama bindigogi 844 da harsashi 112,500 a tashar ruwa ta Onne, cikin kwantenar da ta taso daga Turkiyya. Waɗannan su ne aka kama. Wadda za a kawo maka ta fito daga cikin waɗanda suka wuce, kuma hannun da zai sayar maka shi ne ke sayar wa waɗanda suka kore maka raguna. Zai san gidanka, zai san abin da ke ƙarƙashin gadonka. Ba ka kuma san abin da aka aikata da ita ba kafin ta iso gare ka. Idan an taɓa kashe rai da ita, a hannunka za a same ta.

Mu ma muna da doka, tun ta 1959. Manyan bindigogin yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar farauta ta gama-gari, lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Ta toka irin ta Baffa, Kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke da ikonta. A 2023 hedikwatar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, kuma dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi tara ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ga wanda aka kama da bindiga babu izini. A takarda ba mu yi nisa da su ba. Inda suka bar mu shi ne zuwan nan da jami'i ke yi har gida ya girgiza akwati, da mai kantin da ba ya jin kunyar ce wa tsohon abokin cinikinsa ya fito da takarda.

Na san abin da za ka ce, kuma kana da gaskiya. Baturen nan ba ya bukatar bindiga don tsaron kai, domin idan aka fasa masa ƙofa da dare ya buga 999, motar 'yan sanda za ta zo. Kai idan aka shigo gona ƙarfe biyun dare, daga kai sai Allah. Ba na raina tsoronka, ina kwana da shi a nan. Amma ina tuna ɗakinka: gado ɗaya, yara huɗu na shiga suna fita, ƙaraminsu duk abin da ya gani sai ya taɓa. Bindigar da za ta yi maka amfani a kan ɓarawo sai tana ɗure tana kusa da hannu, kuma a haka yaro zai same ta.

Ga abin da nake roƙonka. Ka ba mutumin nan haƙuri. Ka je wurin Sarkin Baka da shugaban 'yan banga na yankin, waɗanda hukuma ta san da su, ku da maƙwabtan gona ku haɗa kuɗin masu gadi, ni zan riƙa turo kasona duk wata. Ragunan da suka rage a dawo da su gida kafin Sallah. Kuɗin fitila mai aiki da hasken rana da na waya mai ƙaya ina turowa ranar Juma'a in Allah ya kai mu.

Sai tsohuwar bindigar Baffa ta biyu, wadda ke rataye a zaure. Ka sa ɗaya daga cikin abokan farautarsa ya zo ya zura sanda ya auna ko akwai ɗuri a ciki, kada kai ka gwada, kada kuma a harba ta don a gani. Gorar albarushin nan da ke kan katanga kusa da madafa, a sauke ta yau, a kai ta ɗakin da ba a hura wuta, a sa kwado, makullin ya zauna a aljihunka.

Ka gaida Dada, ka ce mata maganin ƙafarta yana hannun wanda zai taho ƙarshen wata. A shafa mini kan yara.