Shagon littattafan yara da na gano a Samaru

Jiya na leƙa wani ɗan shagon littattafai a Samaru bayan kasuwa, da niyyar minti goma amma wallahi sai da aka kira la'asar ina ciki. Yawanci gwanjo ne an jibge a kwalaye, sai kin tsuguna kin tona da kanki, ƙura kuwa ba a magana, har yanzu atishawa nake. Amma mai shagon akwai haƙuri, duk wanda na buɗe bai ce min kanzil ba.

Na ɗauko ma 'yata The Wonderful Wizard of Oz na L. Frank Baum, wanda ya fito tun 1900, da Magana Jari Ce na ɗaya. Ina cikin ciniki sai wani dattijo da ke zaune kan benci, da gani tsohon malamin jami'a ne, yace "Hajiya kin san siyasa zalla kika saya ma yarinya?" Wai hanyar nan ta bulo ruwan ɗorawa zinare ake nufi, takalman azurfan Dorothy, yarinyar labarin, kuma rigimar kuɗi ce ta zaɓen Amurka na 1896, mutum-mutumin gona shi ne manomi, na gwangwani leburan masana'anta, zaki matsoraci kuma ɗan takara William Jennings Bryan. Nace to Baba ni dai labarin yarinya da karenta na sani. Da na dawo gida na duba a waya, ashe wani malamin sakandare Henry Littlefield ne ya yaɗa wannan fassarar a 1964, shi ko Baum ya rasu tun 1919, a gabatarwar littafin ma cewa yayi don nishaɗin yara kawai ya rubuta. Ni dai ban gamsu da gangan Baum ya sa siyasa ba, mutum dai abin da yake ji kullum a gari shi ke biyo alƙalaminsa.

Ai ko namu da Abubakar Imam ya rubuta a nan Zariya, waziri na ƙulla ma sarki makirci, aku na tsare ɗan sarki da labari har akun ya zama waziri, wa zai ce min babu ƙamshin fada a ciki.

Farashi ba laifi, biyun ya bar min dubu huɗu da ɗari biyar. Sai dai ku riƙa duba shafuka kafin ku biya, Oz ɗina babu ganye biyu na ƙarshe, yarinya ta tasa ni gaba da tambaya ko Toto, karen Dorothy, ya koma gida.