Wasiƙa daga Linz: hanyar itacen Viyana ta koma ta masu yawon ƙafa

Yaya, barka da war haka. Ina fatan Hajiya da yara suna lafiya. Ya aka ji da tsadar gas ɗin girkin da kake ta kuka da ita?

Ka tambaye ni ko mutanen nan sun san itace. Sun san shi kuwa. A ƙauyukan da ke arewa da Linz, birnin da nake a ƙasar Ostiriya, da wuya ka wuce gida ba ka ga faskare jere a jikin bango ba, duk tsawonsa ɗaya, an kifa masa kwano don ruwa. Da awo ake sayar da shi, ba da ɗauri ba, kuma kuɗin busasshe daban, na ɗanye daban. Tsada kam akwai ta. Sai dai abin da ka biya shi za a sauke maka, ba gyara, ba ciniki.

Itacen nan har magudanar ruwa aka taɓa haƙa masa, kuma na je na gan ta. A ƙarshen ƙarni na 18 Viyana, babban birnin Ostiriya, ta cika da jama'a, itacen hura wuta ya yi wuya, ga kuma dajin Šumava a kan iyakar Ostiriya da ƙasar Cek ta yau, bishiyoyi na faɗuwa suna ruɓewa don ba hanyar fito da su. A lokacin, dajin na gidan sarautar Schwarzenberg ne. Matsalar ita ce rafukan wajen arewa suke gangarawa, su faɗa kogin Vltava, ita kuwa kasuwar, wato Viyana, tana can bakin kogin Danub. Wani mai awon ƙasa da ke yi wa gidan sarautar aiki, Josef Rosenauer, shi ya zana magudana mai bin kwiɓin tudu da gangare ɗan kaɗan, har ta tsallake doron da ya raba ruwan biyu. An fara aikin a 1789. Shi ya rasu a 1804, kashi na biyu kuwa sai 1821 aka ɗora, har da rami mai tsawon kusan mita 400 da aka fafe ta ƙarƙashin dutse a Jelení Vrchy. Duka-duka ta kai kilomita 44 da ɗoriya.

In ka tsaya a bakinta za ka raina ta. Faɗinta bai wuce taku uku zuwa huɗu ba, zurfin bai kai ƙirji ba, gefe da gefe an jera duwatsu. Da hunturu ake jawo itacen da aka sare a tara. In dusar ƙanƙara ta narke sai a buɗe madatsun rafuka, a yi ta jefa faskare, maza riƙe da gora mai ƙugiya suna tsaye a bakin ruwa, inda ya cushe su zungure shi. Haka zai bi har kogin Große Mühl, a tsamo shi kusa da Danub, a loda a jirgin ruwa sai Viyana. Shekara ɗari ana wannan kafin kwal da jirgin ƙasa su kashe kasuwar a farkon shekarun 1890. Ɓangaren Cek ya ci gaba da koro gungume zuwa layin dogo har farkon shekarun 1960. A zamanin mulkin kwaminisanci a Cek wani yankin ma haramun ne ga farar hula saboda iyaka, sai bayan 1989 aka buɗe.

Yanzu hanyar da ke gefenta ta masu tafiyar ƙafa ce da 'yan keke, kuma a nan ne na ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Ba ƙofa, ba mai tikiti, ba wanda ya tare ni wai in ba shi na goro. Ba ka bukatar ɗan jagora, don a ɓangaren Cek an shafa alama a jikin bishiyoyi: fari sama, fari ƙasa, launi ɗaya a tsakiya, ja ko shuɗi ko kore ko rawaya. Ƙungiyar masu yawon ƙafa ta ƙasar, wadda aka kafa tun 1888, ita ke kula da su, 'yan sa-kai ne ke zagawa da gwangwanin fenti. Da rani kuma akwai ranakun da ake tara ruwa a jefa itace don baƙi su ga yadda aka yi a da. Ina tafe ina tuna badalar Kano, wadda ta girmi wannan magudana nesa ba kusa ba, ana ta gutsurarta ana gini.

Kada ka ɗauka komai zam-zam ne. Abinci shi ne wahalata. Ƙananan gidajen abincin dajin alade ne a gaba, alade a baya, har miyar da ka zaci ta ganye ce sai ka tambaya. Soyayyen cuku da dankali ne ya cece ni. A ɓangaren Cek sau da yawa giya ta fi lemo araha, ruwan sha ma sai ka biya. Ban-ɗakin tasha da kuɗi ake shiga, babu buta, saboda haka gorar ruwa ba ta barin jakata.

Tsakanin ƙasashen biyu ma akwai bambanci, ko da yake ka tsallake iyaka ba wanda zai ce maka uffan. Cek ta fi sauƙin farashi, daga abinci har kuɗin jirgin ƙasa, kuma manyan kantunanta na buɗewa ran Lahadi, alhali a Ostiriya kusan ko'ina a kulle. Amma 'yan Cek kuɗinsu koruna suke kashewa, ba yuro ba. Mai rumfa zai iya karɓar yuro ya lissafa maka canji yadda ya ga dama, wani kuma ba ya karɓar kati sam.

Abu na ƙarshe, kaska. Dajin cike yake da ita, kuma tasu tana sa ciwon da ke taɓa ƙwaƙwalwa, shi ya sa yawancin 'yan Ostiriya ke yin allurar rigakafinta. Ni ma na yi. In Allah ya kawo ka, dogon wando za ka sa, ka cusa ƙafarsa cikin safa, ko da kuwa zai sa ka yi kama da ɗan kamun kifi.

A gaishe mini da Hajiya.